Tsagar da Mordecai Ya Shafe

A Sabon Gari aka haifi Mordecai Danladi. Mahaifinsa ya zo daga kudancin Kaduna ya yi aikin jirgin ƙasa har ya tsufa, shi kuwa tun yana saurayi ya kama cokalin gini. Shekara ashirin yana aza bulo a ƙarƙashin wasu kafin ya samu rajistar ɗan kwangila a 2001. Ni maƙwabcinsa ne a Unguwar Gabas, majami'armu ɗaya, kuma na sha shayin da matarsa Jemimah ta dafa wa mutane ranar da ya dawo gida da takardar rajistar. Mutum ne mai fara'a, mai babbar murya, ba ya shan giya, ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba.

A 2003 wata mata mai suna Madam Bibiana ta ba shi aikin gina ajujuwa uku a ƙaramar makarantarta da ke Samaru. Ta ce a yi rufin kankare, don tana da niyyar ɗora bene nan gaba. Ana tsakiyar aiki siminti ya yi tsada. Mordecai bai koma ya gaya mata ba. Ya ƙara yashi a kwaɓi, ya rage rodi, ya ce a ransa ai ba yau za a ɗora benen ba.

Damina ɗaya ginin ya yi, rufin aji na tsakiya ya tsage. Madam Bibiana ta aika masa, ya ce yana zuwa. Ta rubuta wasiƙa har sau biyu, lokacin yana can kan wani babban aiki a hanyar Shika. Da ta gaji sai ta kai ƙara hukumar da ta yi masa rajista, aka rubuto masa cewa ya gyara aikin cikin kwana talatin.

Ranar kwana na ashirin da tara ya je. Ya san abin da ya kamata: a kwashe yara, a fasa rufin, a sake zuba shi. Amma yin haka tamkar shelar abin da ya aikata ne. Sai ya hau tsani ya cusa siminti a tsagar, ya shafe, ya bi da farin fenti.

Malamar ajin, Martina Toma, tana tsaye tana kallonsa. Shekarunta ashirin da shida, watanta huɗu da fara koyarwa.

"Baba, wannan zai riƙe kuwa?" ta tambaye shi. "Kullum da safe ina share yashi a kan teburina."

Ya yi dariya. "'Yata, kwantar da hankalinki. Jikokinki ma a nan za su yi karatu."

Sati uku bayan haka, wata Talata a watan Agusta, aka kwana ana ruwa. Wajen sha ɗaya na safe Martina ta ga yashi yana zubowa kamar ana tankaɗe. Ta ce wa yara su tashi a yi waƙa a baranda, don kada su firgita su tattake juna. Ta tsaya a bakin ƙofa tana tura su ɗaya bayan ɗaya, su talatin da ɗaya. Dukansu sun fita. Ita ce ta ƙarshe, kuma rufin bai jira ta ba. Ta yi kwana biyu a asibitin Shika, ta rasu.

Kwamitin ladabtarwa ya zauna a watan Oktoba. Na raka shi, domin babu wanda ya yarda ya raka shi. Injiniya Olusegun, wanda aka tura ya duba ɓaraguzan, ya ajiye guntun kankare a kan tebur, ya murje gefensa da yatsa, ya ruguje. Sannan ya ɗaga wani guntun mai sabon fenti.

"Malam Mordecai, an ba ka kwana talatin ka gyara. Wannan ne gyaran?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Ka san ba zai riƙe ba?"

Lauyansa ya taɓa masa hannu. Mordecai ya janye hannun.

"Na sani," in ji shi.

Aka soke rajistarsa, aka cire sunansa daga jerin masu karɓar kwangila. Shari'ar kotu kuma ta yi ta jan ƙafa, ana ɗagewa, har mutane suka daina tambaya.

Ya je ƙauyen Jama'a wurin mahaifin Martina, wani tsohon manomi, ya durƙusa a ƙofar gida. Tsohon ya fito ya same shi.

"Ranar da ka je gyara ta dawo tana murna," in ji Baba Toma. "Ta ce maginin dattijo ne, ya kira ta 'yarsa. Na yafe maka saboda Ubangiji ya ce a yafe. Amma kada ka sake zuwa, uwarta ba za ta iya ganinka ba."

Daga nan Mordecai ya zama wani mutum dabam. Ya daina shiga duk ginin da ke da rufin kankare. Ranar Lahadi yana ɗaukar benci ya zauna a waje kusa da taga, ya bi sujada daga can. Jemimah ta gaya wa matata cewa ta daina tankaɗe gari in yana gida, don da ya ji ƙarar sai ya miƙe ya fita tsakar gida yana kallon sama. Wata rana tsakar rana na same shi a Samaru, tsaye a tsallaken titin makarantar, daidai lokacin da yara ke tashi. Leɓɓansa suna motsi. Ƙirga su yake yi.

"Kullum ina kaiwa talatin da ɗaya," ya ce mini, "sai in tsaya ina jiran na gaba."

Wani mai gidan bulo, Amaechi, ya tausaya masa ya ɗauke shi aikin ba bulo ruwa. A nan ya yi sauran shekarun zamansa a garin. Yakan hana a loda bulon da bai kwana bakwai ba, ko da mai mota yana zaginsa. Amaechi ya kore shi sau biyu a kan haka, sau biyu kuma ya aika a kira shi.

A 2009 aka ce yana iya neman a maido masa da rajista. Jemimah ta karɓo fom ɗin da kanta.

"Baban Happiness, ka cike mana. Ko don yaran nan."

Ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya ninke ya miƙa mata. "In sun maido mini, wa zan ce wa ya kwantar da hankalinsa?"

Ba ta sake tayar da maganar ba. A ƙarshen shekarar suka sayar da gidan suka koma ƙauyen iyayensa, inda ya kama noman citta. Madam Bibiana ta sake gina ajin da rufin kwano. Yaran da suka fito ranar nan duk sun girma, biyu daga cikinsu ma suna jami'a a Samaru. Na taɓa rubuta masa wannan labari a wasiƙa, ina zaton zai ji sanyi. Amsarsa layi biyu ce. Ya gode, sannan ya roƙe ni in aiko masa da sunayensu.