Ruwan Sabulu a Birki

Yayata ce ta raine ni. Da mahaifinmu ya rasu ina ɗan firamare, ita ta ɗauke ni zuwa gidan mijinta a Roni, da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta tsaya min har na zama malamin makaranta a Kazaure. Bayan girma ya zo mata, duk ranar kasuwar Gwiwa da kanta take kai wa masu sari jarkokin mai. A irin wannan ranar aka kashe ta. Kashe ta nake cewa, don har yau bakina ya ƙi ya kira abin hatsari.

Tana tsaye gindin darbejiya a bakin titi tana jiran ɗan acaɓa, sai ga wata a-kori-kura shaƙe da buhunan dawa ta gangaro. Direban ya taka birki, birki ya ƙi. Motar ta bar kwalta ta haɗa Yaya da bishiyar. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Mun san direban. Ɗan unguwa ne, ya sha cin tuwo a ƙofar gidanta. Muna zaman makoki wani bakanike ya ja ni gefe, idonsa jawur. Ya ce min motar ta daɗe tana zubar da man birki, ya gaya wa direban ya ajiye ta a gyara, shi kuwa ya ce kasuwa ba ta jira. A gabansa direban ya kaɗa garin sabulu a ruwa ya ɗura a mazubin man, ya ja mota ya tafi.

Bakaniken bai ɓoye ba, ya maimaita wa 'yan sanda, ya yarda zai faɗa a kotu. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai ranar da aka fara zama na ji tuhumar da aka karanta, wai kisan da hukuncinsa ba kisa ba ne, na bi mai gabatar da ƙara har baranda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gane ba. Wane irin kisa ne wannan da aka ce ba na kisa ba?"

Ya ce, "Malam, doka ta raba kisa gida biyu. Wanda ya yi niyyar kashe mutum, ko ya san lallai abin da ya yi mutuwa zai jawo, shi ake yanke wa hukuncin kisa. Wanda rai ya salwanta a hannunsa ta sakaci ko ganganci, ba da niyya ba, nasa ɗauri ne ko tara, gwargwadon yadda alƙali ya gani."

"To ai ya sani! Gaya masa aka yi."

"Ya san birkinsa ba kyau. Bai fito don ya kashe yayarka ba."

Na ce, "Wato don bai zaɓi wanda zai kashe ba, shi ke nan ya samu sauƙi?"

Ya dube ni ya ce in yi haƙuri, haka dokar take. Ban ce ƙarya ya yi ba. Na juya na fita bakin titi.

Na gida ma ba su bar ni ba. Dangin direban suka yi ta aiko dattawa neman a yafe. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya kira ni ya zaunar.

Ya ce, "Kai kaɗai ka fi kowa son ta ne? Kwananta ne ya ƙare. Mijinta ma ya ce ya yafe diyya."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, na yarda da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta kaɗa sabulu, mutum ne ya kaɗa."

Ya ce rashin kunya na koyo a boko. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska.

Lauyan direban ya roƙi sassauci: laifinsa na farko ne, yana da mata da ƙananan yara. Yaya ma ta bar yara, amma ba wanda ya tashi ya lissafa su. Aka yanke masa ɗaurin da bai taka kara ya karya ba. Autarta ba ta gama firamare ba ya fito.

Bara na je tasha a Kazaure zan tafi Babura biki. Na sa ƙafa a mota ke nan direba ya waiwayo. Shi ne, ya yi ƙiba, yana cin gyaɗa. Ya ce, "A'a, Malam! Ya ƙarin haƙuri?"

Na sauko. Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce, "Jama'a, wannan mutumin shi ya kashe yayata da mota!"

Fasinjoji suka juyo suna kallona. Wani dattijon ɗan kamasho ya riƙe min hannu ya ce, "Haba Malam, ai an hukunta shi." Wata mata mai goyo ta matsa ta shige wajen da na bari. Aka rufe ƙofa, mota ta tashi, ba wanda ya sauka.