Ranar da na hana abokin mahaifina bijimi

Shekarun baya, lokacin ina zaune gaban mahaifina a ƙauyenmu kusa da Urafan, muna da wani bijimi gudali, fari, mai faɗin baya. Ni ke ba shi harawa da dusa, ni ke cire masa kaska, har mahaifiyata na cewa da na kula da kaina kamar yadda nake kula da shi, da tuni na samu mata. Mahauta sun sha zuwa taya shi, mahaifina kuma ya riga ya yanke cewa da babbar Salla za a fitar da shi.

Ana nan sai likitan bisashe ya zo rigakafi daga Tasawa, ya tsaya yana kallonsa. Ya ce akwai wani kamfani da ke neman bijiman nama masu kyau, su kai su wurinsu, su riƙa ɗibar irinsu suna daskarar da shi, ana ɗura wa shanu ba tare da barbara ba. Na yi ta lallashin mahaifina har ya yarda, amma ya ce in ba su ɗauka ba, wuƙa ce.

Mutanen kamfanin suka zo, suka auna shi, suka duba ƙafafu da haƙora, suka ɗebi jini. Gwajin farko ya fito lafiya. Suka ce za su dawo bayan wasu makonni su sake ɗiba, da sharaɗi guda: kafin nan kada ya kusanci kowace saniya, domin akwai ciwon ɓari da bijimi ke kwasowa wajen barbara. In ya hau ko ɗaya, magana ta mutu. Na kafa masa turke a bayan gida, na zagaye da zana, na koma mai gadinsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a wurinmu ba a hana bijimi. Duk wanda saniyarsa ta nemi barbara, jawo ta yake yi zuwa gidan mai bijimi, ba a ma cika tambaya ba. Maƙwabta biyu na kore su da dariya da ƙaryar cewa ba shi da lafiya. Sannan wata safiya abokin mahaifina ya yi sallama.

Dattijon Bafillatani ne, rugarsu na wajen Mayahi, muna ce masa Baffa. Shekarar da fari ya share garken mahaifina, shi ya ba shi aron karsana ta habbanaye, ta haifa mana, aka mayar masa da ita. Duk shanun gidanmu daga wannan karsana suka fito, har da bijimin nan. Ya taho a ƙafa tun asuba, riƙe da igiyar wata jar saniya da ke ta kuka tana ɗaga wutsiya. Ina ganinta gabana ya faɗi, don neman saniya yini guda ne, ba a ce mata ta dawo gobe.

Bayan gaisuwa mahaifina ya dube ni ya ce, “Tahi ka kwanto shi.”

Ban motsa ba. Daga bayan zana bijimin ya ji warinta, ya fara tono da ƙafa yana fizgar turke. Na ce, “Baba, mutanen nan sun ce kada ya hau kowace saniya.”

“Wagga ba kowace saniya ba ce. Kwanto shi.”

Baffa ya tambayi abin da ke faruwa. Na durƙusa na yi masa bayani, ina kewaye-kewaye. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, “Ɗana, kana nuhin saniyata na da ciwo?”

“Ban ce ba, Baffa. Ban sani ba ne.”

“Shi wanga da kake ma shinge, ka san daga garken wa ya hito?”

Na ce na sani. Mahaifina ya tashi da kansa ya nufi bayan gida. Na riga shi, na tsaya a bakin zanar. Tunda aka haife ni ban taɓa tsayawa a gaban mahaifina haka ba, kuma tsoro nake ji sosai. Ina jin numfashin bijimin a bayana, Baba kuma na gabana. Da ya ce in kauce, na san zan kauce.

Baffa ne ya yi magana. Ya ce, “Bar shi, aboki. Yaro ya ba mutane alkawari.” Mahaifiyata ta aiko da fura, Baffa ya ce ya gode, bai sha ba. Ya ja saniyarsa, tana turjewa tana waiwaye, suka kama hanya da rana tsaka.

Mahaifina ya daɗe ba ya amsa mini komai sai gaisuwa. Aka ɗebi jini na biyu, ya fito lafiya, aka gwada irin, suka ce sun karɓa. Ranar da kamyo, babbar motar kamfanin, ya zo ɗaukar bijimin, gari ya taru kallo, Baba kuwa ya tafi gona.

Da aka fara rabon irin, na ɗauko wani ma'aikacin kamfanin a bayan moto, wato babur, da tulun ƙarfensa mai sanyi na ajiye irin, muka je har ruga. A raina zan gyara abin da ya ɓaci. Baffa ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo nono, ya saurare mu da kyau. Sannan ya ce, “Na gode, ɗana. Amma ni na kai ta har ƙohwar gidanku. Ba ni son a kawo mata shi cikin kwalba.”

Har yau in aka ce in zaɓa, ina jin a bakin zanar nan zan sake tsayawa, amma abin bai daina yi mini ciwo ba. Baffa ya ci gaba da gaisawa da mahaifina a kasuwa har ya rasu, sai dai bai sake shigowa gidanmu ba. Yanzu mutane kan nuna mini hoton maruƙa a waya daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, su ce 'ya'yan bijiminmu ne. A garken Baffa babu ko ɗaya.