Jar Fitilar Gidan Tsuruoka

Shekara talatin da ɗaya Tsuruoka ya yi yana hawa tsani yana gyara fitilun ba da hannu a garinmu. Da ya yi ritaya, maimakon ya huta kamar kowa, sai ya sayo tsofaffi guda huɗu da aka sauke, ya jera su a falo, ya haɗa musu wani ɗan akwati mai juya su daga kore zuwa rawaya zuwa ja. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ban taɓa raga masa ba.

"Maƙwabci, aikin ka ajiye ko kwaso shi ka yi gida?"

"Ke dai tsaya daga nan," in ji shi, "sai ta nuna kore ki shigo."

Dariyar ta ƙare da mantuwar tsufa ta kama matarsa Fumie. Sau biyu tana ficewa, ana tsinto ta a bakin layin dogo. Ya sa sakata, ta yini tana dukan ƙofa tana kuka. Abu ɗaya ne bai kuɓuce mata ba, wanda duk da shi muka tashi: ko titi wayam yake, ba a tsallake ja. Sai ya kafa fitila ɗaya a zaure inda ake tuɓe takalma, ya danna maɓallin da ke tsayar da ita a kan ja. Fumie takan zo da jakarta ta tsaya, ta jira har ta gaji, ta koma ta zauna.

Wata takwas ana haka. Wata Talata da hantsi ƙasa ta ɗan girgiza, ko shayina bai zube ba, amma wuta ta ɗauke ta dawo. Akwatin ya koma juyinsa na da. Tsuruoka kuwa yana bene yana shanya katifu.

Ƙafarsa ba takalmi ya faɗo gidana.

"Ta fita. Kore ta nuna mata."

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Muna cikin gudun ƙararrawar jirgin ƙasa ta fara kaɗawa. Tsoro irin wannan ban taɓa jinsa ba, ko ranar da mijina ya yanke jiki ya faɗi. A mararrabar ƙarshe kafin dogo muka same ta, ita kaɗai, a tsaye gaban ja. Tsuruoka ya riƙe hannunta.

"Maigida, ka duba wannan mana," ta ce, "ta cika nawa."

Yana komawa ya datse wayar kore da ta rawaya da filaya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana haɗa su.

Makon jiya na kai musu kifi. Na tarar da Fumie a zaure, ta ɗaga kai tana kallon fitilar, shi yana bayanta.

"Maigida, wa ya rataya mana wannan jan abin? Ya yi kyau."

Tsuruoka ya dube ni, bakinsa a buɗe. Ita kuwa ta sunkuya ta fara sa takalmi.