Wuƙar da na binne a garken awaki

Ƙanena Ohaj, kai, babu irinsa a duk Kassala! Mu biyu Baba ya bar wa maƙera. Ni Onur da ƙyar na gama aji shida na kama guduma. Shi kuwa tun yana ƙarami ba ruwansa da ƙira, tsofaffin wuƙaƙe yake so. In aka kawo gyara sai ya yi ta juya wuƙa, ya shinshina kuben, har harshe yake sa wa ƙarfen. Mu ce masa taɓaɓɓe.

Yau ɗakinsa cike yake da su. Daga Omdurman ake zuwa ya duba wa mutane. Ya ce wannan ta damtse ce, daga Darfur, dubi yadda gumi ya ci maɗaurin. Waccan ta mutanenmu ce, amma an sake mata mariƙi. Bai taɓa ƙara wa wuƙa ko shekara ɗaya don mai ita ya ji daɗi ba.

Ni kuma ga abin da na yi. Shekara uku baya kasuwa ta mutu. Na ƙera wuƙa da sifirin ɗin tsohuwar mota, na sa mata mariƙin kanya, na shafe ta da gishiri, na binne a garken awaki wata huɗu. Da na tono ta, ni kaina na kusa gaishe ta. Na sayar wa wani dillali a kan ta zamanin Mahadiyya ce. Ohaj bai sani ba.

Watan jiya muka je nema masa auren Madina, 'yar Alhaji Adarob. Shekara biyar yana son yarinyar nan. An sha gahawa da citta zagaye uku, sai Alhaji ya shiga ɗaki ya fito da abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ya dubi Ohaj.

"An ce kai ne mai idon wuƙa, ɗana. To gaya wa mutanen nan shekarun wannan."

Yana warwarewa na gane ta. Tawa ce.

Ohaj ya zare ta, ya karkata ta wajen haske. Ni bahago ne, zanen magagarina baya-baya yake tafiya, kuma ya san shi tun muna yara. Bai dube ni ba. Gumi kawai na ga yana bin wuyansa.

Kawunmu ya ce, "Ango, wuƙa ce fa aka ba ka, ba jarida ba!"

Aka yi dariya. Ohaj ya ce, "Baffa, wannan wuƙar... ta daɗe..."

Ƙarya zai yi saboda ni, a gaban surukinsa. In daga baya ta fito, ba aure, ba suna. Ban san sanda na miƙe ba.

"Baffa, shekararta uku. Ni na ƙera ta."

"Kai? To tsatsar fa?"

"Gishiri ne. Da fitsarin awaki."

"Awaki! A saman gadona na rataye ta! Shekara uku Hajiya na cewa ɗakin na wari, ina ce mata ƙanshin jihadi ne!"

Wasu suka tuntsire, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Alhaji bai yi dariya ba. Ya juya wajen Ohaj.

"Da bai yi magana ba, me za ka ce mini?"

"Ban sani ba, Baffa. Yayana ne."

"Ku tashi ku je."

Kwana tara ba mu ji komai ba. Ohaj kullum zai kawo mini ful, dafaffen waken da muke karyawa da shi, ya ajiye bakin maƙera, ya wuce. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni kuma ko masallacin unguwarsu Alhaji na daina bi.

Rana ta goma sai ga Alhaji da kansa a maƙera, da wuƙar a hannu. Ya dangwarar da ita kan uwar maƙera.

"Buga sunanka a jikinta, da shekarar da ka yi ta. Yanzu, ina kallo."

Na buga, maƙera duk sun ajiye guduma suna kallo.

"Ka gaya wa ƙanenka ya zo da mutanensa ran Juma'a. Wanda ya iya ce mini bai sani ba, ba zai yi wa 'yata ƙarya ba."

Wallahi da gudu na je gida, takalmi ɗaya a ƙafa! Ohaj zai yi aure, jama'a! Ni dai yanzu duk layin da na bi a kasuwa sai wani ya yi mini kukan akuya, in sunkuyar da kai in wuce.