Riɗi a Sanduƙin Harsashi

Yayana ya yi shekara goma sha yana aiki a wata masana'antar makamai a Hartum, mu kuwa muna Gadarif muna noman riɗi a ɗan filinmu ta wajen Simsim. Duk sallar da ya zo gida sai ya cika mu da lacca, wai injin da ke ƙera harsashi shi zai ƙera tarakta, ƙasa ta yi arziki, kowane manomi ya huta. Ni dai bakina ba ya shiru, sai in tambaye shi ina tamu taraktar, ko tana hanya ne. Ya ce kaina kamar dutse, mu kwashe da dariya. Ina son yayan nan nawa, surutunsa ne kawai ke gajiyar da ni.

Tsarabar da ya taɓa kawo wa Inna daga can ita ce wani koren sanduƙin ƙarfe na zuba harsashi, babu komai ciki. Na yi tsaki, na ce wannan ma tsaraba ce? Inna ta juya shi, ta ga murfin yana da roba, idan an rufe ko iska ba ta shiga. Tun daga ranar a ciki take ajiye irin riɗinta, ƙwari ba su ƙara taɓa mata shi ba.

Da yaƙi ya ɓarke, yaya ya dawo a bayan lori da matarsa da 'ya'ya uku, daga su sai kayan jikinsu. Laccar nan duk ta ƙare, har na riƙa tsokanarsa ko zai tanka, bai tanka ba, abin ya dame ni ƙwarai. Ga damina ta kankama, yana son ya koma noma amma ba shi da iri, na kasuwa kuma ya fi ƙarfinmu. In bai shuka a makon nan ba, shekarar ta wuce shi.

Rannan da hantsi Inna ta jawo sanduƙin daga ƙarƙashin gadonta ta buɗe a gabansa. Riɗi fari tas, ko ƙwaro ɗaya babu. Ya zura hannu ciki ya daɗe bai fitar ba.

"Inna, wannan ai naki ne," ya ce.

"Kai ka kawo sanduƙin, ɗan nan, ni zubawa kawai na yi. Tashi ka tafi gona, ƙasa ta jiƙa."

Na saɓa sungumi na bi bayansa, shi yana rungume da sanduƙin yana kuka.