Ƙugiya uku a wayar ƙanena

A da, idan ina Kwatano ko Lome da kamiyo, babbar motar kaya, wasiƙa ɗaya nake aikowa gida cikin wata biyu, a hannun wani direba mai tsallaka gadar Malanbil. Amsa ta zo ko kada ta zo, ba wanda ke tambayar dalili. Yanzu saƙo na isa kafin ka ajiye waya, kuma idan ka yi jinkiri akan biyo ka da alamar tambaya uku ko huɗu a jere, ba ko kalma ɗaya. Ni dai ba a taɓa biyo ni da su ba.

Ƴata ta fari tana aikin asibiti a Yamai. Da yake ita ce ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Haka na taras ana yi. Shekarun da nake kan hanya ƙanena ne ya riƙe ta, masunci, wanda ko ƙofar lakkol, makarantar boko, bai taka ba. Ni da nake jin Faransanci da Dendi da Zabarmanci, har da Yarabancin kasuwa, ni ne mai karanta masa saƙonninta.

Yakan zo da hantsi yana warin kifi, ya miƙo mini waya. "Yaya, duba mini. Ta sake jefo ƙugiyoyinta."

Haka yake kiran alamomin, don sun yi masa kama da ƙugiyar kamun kifi. Sai in karanta: "Baffa ka sha maganin???" A ƙasa, bayan minti goma: "???" A ƙasa kuma: "Baffa ina ganinka fa a kan layi????"

Ya yi ta dariya har da buga cinya. "Ka ga ƴar banza! Ce mata ina cikin jirgi, ruwa ba ya jiran likita."

In rubuta masa. Sannan in buɗe tawa wayar in ga abin da ta aiko mini: "Baba, barka da Juma'a. Allah ya ƙara lafiya." Ko ban amsa ba sai washegari, ba ta ƙara kome.

Na zauna a garuruwa da yawa, ko'ina kuma abin ɗaya ne. Baƙo yakan yi sallama ya tsaya a waje ya jira. Ɗan gida ne ke dukan ƙyaure da tafin hannu yana cewa ku buɗe mana. Ga yadda na gane, wannan dukan ne yaran yanzu ke rubutawa da alamomin nan. Ba a aika wa wanda ake jin nauyinsa. Sai wanda ka tabbata ba zai yi fushi da gaggawarka ba.

Wata Juma'a na ƙi amsa mata da gangan, na yi kwana uku shiru ina leƙa waya. A rana ta huɗu ƙanena ya shigo. Na karanta masa da bakina: "Baffa, Baba lafiya??? Je ka dubo shi yanzu???"

"To, ga ni na dubo ka," in ji shi. "Ƙalau kake, sai baƙin rai."

Ko damuwarta a kaina ta hannunsa take bi. Da ya fita na ɗauki wayata na aika mata guda uku, kamar yadda take yi masa. Na ce bari ni in fara.

Ba a yi minti biyu ba ta kira.

"Baba, laifi na yi? Don Allah ka yi haƙuri. Me aka ce na yi?"

Na ce ba kome, hannuna ne ya taɓa. Ba ta yarda ba. Ta yi ta ba ni haƙuri a kan abin da ba ta yi ba, ni kuma na kasa gaya mata abin da nake so.

Tun daga ranar ba ta sake rubuto mini saƙo ba. Kowace Juma'a kira take yi, ta gaishe ni da ladabi, ta jira in fara ajiye waya.