Ranar da Na Sha Sunayen Mutane

Ni dai matsoraciya ce, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ko ƙadangare ne ya faɗo daga katanga sai gabana ya yanke ya faɗi. Amma duk faɗin unguwarmu ta Koki ni aka ga damar bar wa littafin nan.

Zamanin Turawa ne, ina ɗauke da cikin fari wata bakwai. Maigidana yana awon fatu a wani kamfani a bayan ganuwa, kuma shi ne magatakardan ƙungiyar ma'aikatansu, saboda hannunsa na da kyau a ajami. Rannan aka yi shela an soke ƙungiyar, wai sun bar zancen aiki sun tsunduma cikin siyasa, kuma duk wanda aka samu sunansa a ciki sai gidan yari. Da hantsi ya faɗo gida yana haki, ya miƙo min littafin sunayen 'yan ƙungiya, ya ce in ƙona shi yanzu-yanzu. Kafin in buɗe baki ya haura katanga.

Na kai littafin bakin murhu. Ina buɗewa na ga Bisimilla a saman kowane shafi, hannuna kuwa ya ƙi. Ta yaya zan cusa sunan Allah a gindin tukunyar miyar kuka? Sai na yi yadda na saba ganin babana yana yi da allo. Na ɗauko ƙwarya da ruwa, ina yago shafi ɗaya-ɗaya ina wanke tawadar, ina tura jiƙaƙƙun takardun ƙarƙashin tabarmar da nake zaune.

Ina kan na ƙarshe na ji sallama a zaure. 'Yan doka ne. Na gyara zama a kan tabarmar. Da yake maza ba sa shiga gidan matan aure, sai suka turo wata tsohuwa da ke yi musu bincike. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe kwanukan jerena ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zo ta tsaya a kaina tana kallon baƙin ruwan. Ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce rubutu ne na sauƙin haihuwa. Ashe wata 'yar guntuwar takarda na yawo a saman ruwan, harufanta ba su gama fita ba. Ta gani, na kuma ga ta gani.

Daga zaure wani ya ɗaga murya yana tambaya ko ta sami wani abu. Na fara salati a zuci. Can ta amsa masa cewa babu komai sai yarinya mai ciki da rubutunta.

Ta tsuguna, ta tsame takardar ta jefa a bakinta, ta ɗaga ƙwaryar ta kafa min a baki.

"Shanye duka, 'yar nan," in ji ta a hankali. "Har da sunan ɗana a ciki."

Na shanye, haƙorana suna bugun bakin ƙwaryar.